Akwatin Wasiƙar Nea Spiridon

A kamfanin sayar da igiyoyi da famfuna da fentin jiragen ruwa da ke bakin tashar Braila, akwai wani ɗaki can ƙarshen baranda, tsakanin banɗaki da sito, ko taga ba shi da ita. A ciki ne na'urar da ke karɓar wasiƙun imel na kamfanin tana rarraba wa kowa nasa take, wadda ake kira saba, kuma shekara ashirin da biyu ke nan Doamna, wato Uwargida, Tudora Manolache ce ke riƙe da ita. Ba a shiga ɗakin sai an ƙwanƙwasa, ko da kuwa mai kamfani ne.

Tana 'yar shekara sha tara ta shigo kamfanin, zamanin tsohuwar gwamnati, aka zaunar da ita gaban teleks, injin aika saƙon rubutu ta waya. Da teleks ya mutu sai ta koma faks, da faks ya fara tsufa wani injiniya ya zo ya kafa musu saba, ya yi wata uku ya tsere Kanada, ya bar ta da littafi mai kauri cikin yaren da ba ta ji. Da ƙamus a cinya ta cinye littafin nan. Mijinta na lokacin ya ce ta zaɓa, ko shi ko akwatin ƙarfe mai gurnani. Ta ce masa akwatin in ya yi gurnani akwai dalili, aka rabu lafiya.

Mutanen kamfanin sun ba ta wahala iya wahala, ita ma ba ta raga musu ba. Akwai mai manta kalmar sirrinsa duk Litinin, sai ka ce a cikin giyar Lahadi yake zubar da ita. Akwai mai tura hotunan bikin ɗanta ga ma'aikata arba'in a lokaci guda, layi ya toshe, ta zo tana tambaya ko intanet ɗin ne ya ƙare. Wata kuma a kwandon shara na manhajar wasiƙa take ajiye muhimman takardunta, wai nan ne ba mai leƙawa. Tudora za ta gyara, ta yi masifa, ta sake gyarawa. Amma tana da doka ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba: ba ta buɗe wasiƙar kowa. Rajistar saba kawai take dubawa, inda ake ganin wa ya aiko, wa aka aiko wa, da ƙarfe nawa. Takan ce ita masinja ce, bayan ambulan ne nata, cikinsa na mai shi.

A farkon Nuwamba Nea Spiridon, wato Baba Spiridon, tsohon ma'aikacin kamfanin, ya rasu. Shekara talatin da huɗu yana sayar wa matuƙan jiragen dakon hatsi kaya, tun daga nan har can saman kogi, kuma yawancinsu ba su san sunan kamfanin ba, shi suka sani. Zuciyarsa ce ta tsaya a bakin sito, da takardar oda a hannu. Matarsa ta riga shi da shekara tara, don haka ƙanwarsa Tanti Frosa, wato Gwaggo Frosa, ce ta tsaya kan jana'iza. An yi komai yadda ya kamata, an rufe madubai, an raba kyandir da tawul, an ci koliva, dafaffiyar alkama mai zaƙi ta sadakar mamaci, a bakin kabari. Abu ɗaya ne ya rage, shi ne kuma ya tsaya wa Tudora a rai: 'yarsa tilo, Sanda, ba ta san ubanta ya mutu ba.

Sanda tana Italiya, tana aikin kula da tsofaffi gida-gida kamar dubban matanmu. Ranar da aka binne uwarta, baƙin ciki ya sa Spiridon ya faɗi maganar da ba a faɗa, ya ce ta tafi wanke iyayen wasu ta bar tata uwar ta mutu a hannun maƙwabta. Yarinyar ta haɗa kayanta. Ta hau bas washegari, ta canja lambar waya, shi ke nan. Sai dai duk shekara, ranar Waliyyi Spiridon, sha biyu ga Disamba, ranar sunan ubanta, takan aiko masa da wasiƙa zuwa adireshinsa na wurin aiki, don shi kaɗai ta sani. Kuma kowace shekara daga sabon adireshi take aikowa, na gidan da take aiki a lokacin. Tudora ta san wannan ne don duk ranar, tun da farar safiya, Spiridon zai bayyana a ƙofar ɗakinta da covrigi, ƙananan burodi masu siffar zobe, da zafinsu a takarda, yana sosa ƙeya, yana tambaya ko matatar wasiƙun banza ba ta haɗiye masa wani abu daga Italiya ba. Ba ya barin ƙofar sai ta ce masa wasiƙar ta shigo.

Ta gwada adireshin bara, aka ce mata tsohuwar gidan ta rasu, ma'aikaciyar ta tafi, ba su san inda ta nufa ba. Tanti Frosa ba ta da ko lamba ɗaya. Hanya guda ce ta rage, wato a jira sha biyu ga Disamba, wadda ta faɗo kwana biyu kafin addu'ar arba'in. In Sanda ta rubuto aka kama adireshinta, za a iya gaya mata da bakin mutum, kuma bas zai iya kawo ta ta tsaya a coci ranar da ake sallamar ran ubanta. In ko an rufe akwatin wasiƙarsa, na'ura ce za ta ba ta amsa, kuma Tudora ta san amsar da na'urar take bayarwa, don ita ce ta saita ta da hannunta.

A nan Domnul Darie, wato Malam Darie, ya shigo maganar. Shi ne sabon darakta da aka turo daga Bukarest bayan wasu 'yan ƙasar waje sun sayi kamfanin. Yaro ne mai ladabi, a gaskiya, ba ya ɗaga murya, kofi ma a kofin takarda yake sha yana tafiya kamar wanda ake kora. Ya zo da doka a rubuce: duk wanda ya bar aiki, a goge akwatinsa cikin kwana uku. Ya tura wa Tudora takardar don ta goge na Spiridon, ta karanta, ta ɗora tukunyar kofinta a kai. Ya sake turawa, ta yi kunnen uwar shegu. A kwana na tara ya tako da kansa, ya ƙwanƙwasa, don an gaya masa.

Ya yi mata bayani cikin lumana, cewa dokar kare bayanan mutane ce, masu bincike suna zuwa daga uwar kamfani kafin ƙarshen shekara, kuma shi kansa umarni yake bi. Ita ma ta yi masa nata, ta gaya masa labarin Sanda daga farko har ƙarshe. Ya ce ya tausaya ƙwarai, amma ba aikin kamfani ba ne haɗa iyalai.

"Domnule darakta," in ji ta, "takardarka ta ce wanda ya bar aiki. Nea Spiridon bai bar aiki ba, mutuwa ya yi. Kakarka ba ta gaya maka ba? Kwana arba'in rai yana zaga duk inda ya saba zuwa. Ba a kwashe gadonsa, ba a raba takalmansa. Mutumin nan ya fi daɗewa a cikin akwatin can fiye da kan gadonsa."

Darie ya ce kakarsa ba ta taɓa zama gaban masu bincike ba. Tudora ta ce lallai ya yi rashi, da ta koya masa yadda ake yi musu. Ya fita kunnuwansa ja wur, kafin azahar takardar gargaɗi ta iso mata. Ta liƙa ta a jikin bango kusa da kalandar coci.

Haka aka yi ta jan zare har kwana ashirin. Kullum da safe tana duba rajista, ta ga matuƙan da suka rubuto wa Spiridon, ta rubuta wa kowannensu daga nata adireshin cewa Allah ya yi masa rasuwa, ga wanda zai ci gaba da odarsu. Wasu suka amsa da layi ɗaya, wani matuƙi ɗan wata ƙasa ya rubuto shafi guda cikin gurɓataccen Romaniyanci yana ba da labarin shekarar da kogi ya daskare, Spiridon ya kai musu burodi a kan ƙanƙara. Tana buga su a takarda tana kai wa Tanti Frosa.

Ranar kwana na ashirin da ɗaya ta buɗe ta tarar babu akwatin. Darie ya sa wani ma'aikaci a Bukarest ya shigo daga nesa da mabuɗin uwar kamfani ya goge shi. Ta gangara cikin rajista, sai ga shi, ƙarfe bakwai da kwata wani matuƙi daga garin Ruse ya rubuto, sabarta kuma ta mayar masa da wasiƙarsa da amsar nan: ba a san wannan mutum a nan ba. Ta daɗe tana kallon layin. Shekara talatin da huɗu, kuma na'urar da ita ta raina ce ta ce ba a san shi ba. Ta ji kunya kamar 'yarta ce ta zagi baƙo a gabanta, sannan kunyar ta juye ta zama fushi. Ba ta je ofishin darakta ba, don ta san in ta je abin da zai fito daga bakinta ba zai koma ba.

To amma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Saba tana da amsa iri biyu ga wasiƙar da ba za ta karɓa ba. In ta ce ba a san mutumin ba, na'urar mai aikowa takan juya nan take ta mayar wa mai ita da wasiƙarsa. In kuwa ta ce a dawo anjima, sai na'urar can ta riƙe wasiƙar, ta yi ta dawowa tana ƙwanƙwasawa har kwana huɗu ko biyar, kuma sai an yi awoyi kafin mai wasiƙar ya ji wani labari. Kowane ƙwanƙwasa kuma yana barin suna a rajista. Layi ɗaya Tudora ta ƙara a saitin: duk mai neman Spiridon a ce masa ya dawo anjima. Akwati dai an goge, ba wasiƙar da ta shiga, ba wadda aka karanta, takardar Bukarest ba ta ce komai a kan wannan ba. Ta dafa kofi ta sha da sukari biyu.

Kwana takwas abin yana tafiya lafiya. Sai ma'aikacin Bukarest ya lura da wasiƙu suna ta kai-kawo a ƙofa, ya bi sawu, ya kai rahoto. Wannan karon Darie bai ƙwanƙwasa ba. Ya ce ta mayar da shi abin dariya a gaban manyansa, ya gaji, ta zaɓi ɗaya yau: ko ta cire layin nan a gabansa, ko ta rubuta takardar barin aiki. Ya faɗa ne yana da tabbacin za ta cire, don kowa ya san saura shekara biyu ta kai fansho, kuma ba mai ɗaukar mace 'yar shekara hamsin da tara aiki a Braila.

Ita ma ta san hakan, ta fi shi sani. Ta tuna ɗakinta na hawa na huɗu, da sanyin Janairu, da safiyar da za ta farka ba inda za ta. Sannan ta ja takarda daga firinta, ta rubuta da biro, ta sa hannu, ta tura masa.

"Ga ta nan. Amma ka duba kwangilata, mai barin aiki sai ta yi kwana ashirin na aiki kafin ta miƙa mabuɗi. Kai ne mai son doka, to ga doka. Kafin nan sabar a hannuna take. In kuma kana so yaronka na Bukarest ya cire layin da kansa, bismillah, sai dai ka gaya masa shekara ashirin da biyu nake ɗinke-ɗinke a cikinta, in ya ja zaren da ba shi ba, odar kamfanin gaba ɗaya sai ta bi kogi."

Ya tsaya da takardar a hannu, ya ce bai yi zaton za ta yi haka ba saboda yarinyar da ko gaishe ta ba ta taɓa yi ba. Ta ce ai ba don gaisuwa ake binne mutane ba. Ya ninke takardar ya fita. Ba wanda ya taɓa layin.

Labari ya zaga kamfanin kafin a tashi aiki. Wasu suka ce jaruma ce, wasu suka ce taurin kai ne ya kai ta ya baro, ciki har da mai ajiya a kwandon shara, wadda ta zo har ƙofa tana tambaya wa zai dinga ceto mata takardu. Tanti Frosa ta yi kuka, ta ce da ta sani da ba ta bari ba, yarinyar ma wa ya san ko bana za ta rubuto. Wannan maganar ce ta fi ci wa Tudora rai, don ita ma kullum tana yi wa kanta ita.

Ranar sha biyu ga Disamba ta iso ofis kafin mai shara. Ta buɗe rajista ta bar ta tana gudu a fuskar kwamfuta, ta zauna. Ƙarfe tara ba komai, sai wani kamfanin talla da wani matuƙi da bai ji labari ba. Ƙarfe goma sha ɗaya wani ya zo wai manhajarsa ba ta aika wasiƙa, ta ce masa ya kashe ya kunna ba tare da ta juyo ba. Abincin rana ya huce a kan tebur. Sai ƙarfe biyu saura, layi ya wuce: wani adireshi mai sunan iyalin Italiya, yana neman Spiridon, an ce masa ya dawo anjima.

Nan take ta rubuta wa adireshin. Ba ta sa maganar mutuwa a ciki ba, don ba ta ɓata aikinta ba domin ta aika irin wannan labari a rubuce. Ta ce kawai ita ce Tudora ta wurin aikin babanta, ga lambarta, ta kira yanzu-yanzu. Minti goma sha biyu wayar ta yi ƙara.

Muryar Sanda a bushe take, irin ta wanda ya riga ya sani yana neman a ƙaryata shi. Tudora ta kira ta 'yata, ta ce ta nemi wuri ta zauna, sannan ta gaya mata: ranar da ya rasu, yadda ya rasu, cewa bai sha wahala ba, gwaggonta ta yi masa komai, jibi ne arba'in, kuma in ta kama bas ɗin yamma za ta iso. Ta gaya mata har da covrigi, yadda yake tsayawa a ƙofa duk shekara. Can ɓangaren ana jin talabijin ɗin tsohon da take jinya.

"Tanti," in ji Sanda a ƙarshe, "wasiƙar fa? Bana na rubuta masa doguwa. Na ce zan zo Kirsimeti. Tana ina?"

Tudora ta gaya mata gaskiya, cewa tana can a hanya, tana ta dawowa ƙofa, amma akwatin babanta an goge shi.

"Ki bar ta ta shiga, don Allah. Na san ba zai karanta ba. Kawai kar ta dawo mini."

Tudora ta ce ta riƙe wayar. Ta matse ta tsakanin kunne da kafaɗa, ta jawo allon rubutu, ta fara buɗe sabon akwati da sunan Spiridon. Tana cikin yi ta ji mutum a bayanta. Darie ne tsaye a bakin ƙofa, an gaya masa yarinyar ta kira. Ya leƙa fuskar kwamfutar, ya gane abin da take yi, ya ce a hankali cewa ta san wannan zai fito a rahoton gobe, kuma ba ta da izini.

"Na riga na sa maka hannu," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba. "Me kuma ya rage za ka karɓa?"

Bai tafi ba. Ta gama, ta cire layin dawo anjima, suka zauna jira su uku, ita a kujera, shi a ƙofa, Sanda a can Italiya tana numfashi a cikin waya. Na'urar can ba ta san ana jiranta ba, sai da lokacinta ya yi. Minti ashirin da wani abu, sannan adireshin ya sake bayyana a rajista, saba ta karɓa, ta sa a akwati.

"Ta shiga, 'yata," in ji Tudora. "Tana wurinsa. Je ki haɗa kayanki."

Sanda ta iso ranar arba'in da safe, da jakar hannu da ƙafafu kumburarru saboda zaman bas, ta riƙe gefen farantin koliva tare da gwaggonta lokacin da limamin coci yake karanta sunan ubanta. Da aka dawo daga maƙabarta Tudora ta biya ofis, ta goge akwatin da hannunta, da wasiƙar a ciki ba a buɗe ba. Ranar ƙarshe ta kwanakinta ashirin ta rubuta kalmomin sirri a takarda, ta haɗa da mabuɗin ɗakin ta ajiye wa Darie a tebur, ta ɗauki tukunyar kofinta ta sauka tashar taram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari.